Lambar da Ta Tsayar da Mu a Hamadar Atacama

Tsakanin Baquedano da Sierra Gorda,
inda ƙasa ta manta ɗanɗanon ruwan sama,
babana Evaristo ya taka birki,
tirela ta yi tari, ta durƙusa gefen kwalta.
Na ce, "Taya ce?"
Ya ce, "Duba nan, Ximena,"
ya ƙwanƙwasa ma'aunin tafiya da baƙin farcensa:
720720.

"Ke da na biya wa kuɗin karatun lissafi,
gaya mini, wannan 'yar wane gida ce?"

Dubu ɗari bakwai da ashirin,
da ɗari bakwai da ashirin.
Ko a baki sau biyu take faɗin sunanta,
kamar mai sallama a gidan kurma.

Na jawo takardar kayan da muka ɗauko,
bututun mahaƙar tagulla,
na juya bayanta, na fara feɗe lambar.
Biyu sau huɗu a cikinta, uku sau biyu,
sai biyar, bakwai, sha ɗaya, sha uku,
masu taurin kan nan da ba sa rabuwa
sai da ɗaya, sai da kansu.
Su ne ƙasusuwanta.

Na ce, "Baba, wannan ba ta san rowa ba.
Mutum biyu su zo, ta rabu daidai.
Uku su zo, haka. Tara, sha biyu, sha huɗu,
har sha shida, babu mai komawa da guntu.
Duk lambobin da ke ƙasa da ita
ba wadda ta iya wannan karamci.
Ƙofa ɗari biyu da arba'in gare ta,
ba ƙanwarta ko ɗaya mai ƙofofi haka.
In ka tara masu raba ta, ban da ita kanta,
sun ninka ta sau uku da rabi, har da ɗoriya.
Mawadaciya ake ce wa irinta."

Ya kurɓi shayin da ya huce a murfin fulas.
"Shekara sha shida nake jan motar nan. Raba."
Dubu arba'in da biyar da arba'in da biyar.
"Mu bakwai muka ci daga gare ta. Raba."
Dubu ɗari da biyu da ɗari tara da sittin.
Ya yi shiru, yana kallon rabon mahaifiyata
wadda ba ta tsaya ta karɓa ba.

"Sha bakwai fa?"
Na ce, "Nan ta ƙi. Biyar ke saura."
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Na san biyar ɗin nan.
Ranar da lagireto ya fashe kusa da Carmen Alto,
da ƙafa na taka su, da jarka a kafaɗa.
Mota ba ta ƙirga su ba, ga shi lamba ta riƙe."
Ban gaya masa lissafi bai ce haka ba.

Iska na kaɗa takardar a gwiwata.
Wata motar acid ta wuce, ta yi mana ham.
Na ce mu ɗan ƙara zama.
Ya ce, "Kaya na jira a Calama,
kuma mai sayen motar zai zo Litinin."

Ya sa giya. Muka mirgina.
Sifilin ƙarshe ya sunkuya, ɗaya ya leƙo.
Kilomita guda tak, gidan biki ya watse:
ƙofa ɗari biyu da arba'in sun koma huɗu.
Na daɗe ina lalube kafin na sami mabuɗi,
saba'in da ɗaya,
sau dubu goma da ɗari da hamsin da ɗaya.

"Saba'in da ɗaya," in ji shi, idonsa kan hanya.
"A watan gobe zan cika su.
Kin ga, ita ma wannan ta san ni,
sai dai ba ta da yawan magana."